Ɗaga Ƙarfe Har A Yi Amai: Magana Da Samarinmu Da Iyayensu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙera jikin ɗan Adam, ya daidaita gaɓoɓinsa, ya ba shi aronsa zuwa wani lokaci ƙayyadadde. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Maganar wannan Juma'a ba mai daɗin ji ba ce, musamman ga wanda zai karanta takardar nan yana jiran a kawo masa akushi. Maganar amai ce. To amma fikihu bai san ƙyama ba, malamanmu sun yi bayanin abin da ya fi wannan, kuma iyaye da dama sun kawo kuka a kan abu guda: yaransu sun shiga ɗaga ƙarfe, suna dawowa gida a galabaice, wani ya kasa cin abinci, wani ya yi ta kelaya amai a bayan gida yana ɓoyewa kada uwarsa ta ji.

Duk wanda ke zagayawa lungunanmu bayan La'asar ya ga abin da ake nufi. An zuba siminti a gwangwanayen fenti, an soka sandar ƙarfe a tsakiya. Wasu tsofaffin ƙarafunan mota suka samo wajen bakanike. Masu 'yan kuɗi kuwa suna biyan kuɗin jim a Mokola ko su gangara wajen filin wasa na Adamasingba. A taru, a tuɓe riguna, wannan ya kwanta a benci, sauran su tsaya a kansa suna zuga shi: "Ƙara ɗaya! Ƙara ɗaya!" Yaro ya ƙara, ya sake ƙarawa, ya miƙe idonsa na ganin duhu, ya dafa bango ya amayar da duk abin da ya ci. Maimakon a tsorata sai a yi shewa, wai yau aiki ya shiga jiki. Har akwai masu cewa wanda bai taɓa yin amai ba bai fara ɗaga ƙarfe ba tukuna.

Kafin dattawa su ce yauwa, Malam, hana su, bari in faɗa muku ba zan hana su ba. Addininmu bai ƙi ƙarfi ba. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin da ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni, tare da cewa kowannensu yana da alheri. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa, ya kayar da shi. Ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha. A Suratul Baƙara, da Bani Isra'ila suka raina Ɗalutu don ba shi da dukiya, abu biyu aka nuna musu ya fi su da shi, ilimi da jiki. Kuma ku tuna Annabi Musa a bakin rijiyar Madyana. Malaman tafsiri sun kawo cewa murfin rijiyar dutse ne da sai maza goma suke ɗaga shi, shi kuwa ya ɗaga shi shi kaɗai. Amma don me ya ɗaga? Don wasu mata biyu da ke tsaye gefe, an bar su a baya, dabbobinsu na jin ƙishi. Ya shayar musu ya koma inuwa, ba wanda ya yi masa shewa. Da ɗayarsu ta yabe shi a gaban mahaifinta, ƙarfi da amana ta haɗa masa a wuri ɗaya.

Mu ma nan Sabo, tun da aka kafa unguwar nan wajen 1916, da me aka gina ta? Da wuyan masu ɗaukar huhun goro zuwa tashar jirgin ƙasa, da ƙafafun masu koro shanu daga Arewa. Yaron da ya zaɓi ya yi gumi da yamma ya fi mini wanda ya zauna a bakin kwata yana jiran abin da shaiɗan zai kawo. Saboda haka ba ƙarfen ne abin zargi ba.

Yanzu me ke kawo aman? Wannan ba iska ba ce, ba kuma sammu ba ne, kamar yadda wata baiwar Allah ta zata har ta fara neman rubutu. Ma'aikatan lafiya sun yi bayaninsa, kuma bayanin yana ƙara wa mai hankali ganin hikimar Ubangiji. Jinin da ke jikin mutum ƙayyadadde ne, na babban mutum bai wuce wajen lita 5 ba. Idan ka ci abinci, jiki yakan tura kaso mai yawa na jinin nan zuwa ciki da hanji don a narkar da abincin. Idan kuma ka ɗauki nauyi mai tsanani, cinyoyi da baya da damatsa sukan yi kira a kawo musu jini, fata ma tana nema don ta fitar da zafi. Jiki ba shi da wani jinin a ajiye. Sai ya tsuke hanyoyin da ke kai jini ciki, ya karkatar da shi wajen tsokar da ke aiki, har jinin da ke zuwa hanji ya ragu da fiye da rabi. Kamar mai shago ne da yaro ɗaya, ga masu saye a gaba ga mota tana sauke kaya a baya. Dole wani gefe ya tsaya.

To ka duba yaron da ya zauna ƙarfe uku ya tashi da malmala biyu ta amala da gbegiri da man ja, ko tuwo da miyar taushe, ya kora da fura, ƙarfe huɗu ya kwanta a ƙarƙashin ƙarfe. Abincin nan yana nan zaune a tumbi, an janye masa ma'aikata. Ga shi kuma yana riƙe numfashi yana yunƙuri, ya ɗaure ciki tamau da bel, yana matse tumbin kamar mai matse salka. Ina abincin zai bi? Sai ya nemi ƙofar da ya shigo. Abinci mai maiƙo, irin tsire da soyayyen nama da ƙosai, ya fi daɗewa a ciki, shi ya sa ya fi saurin tayar da zuciya. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowa ya haddace shi a makarantar allo, amma ba mu cika tuna shi a gaban kwano ba. Mai ɗaga ƙarfe ya fi kowa bukatar kason numfashin nan. A bar awa 2 zuwa 3 tsakanin babban abinci da ɗaukar nauyi. In yunwa ta matsa kafin nan, ayaba ɗaya ko dabino kaɗan sun isa.

Akwai kuma kishiyar wannan, wanda ya wuni a kasuwa bai sa komai a bakinsa ba sai shayin safe, ya zo ya hau ƙarfe. Shi kuma sukarin jininsa ne ke faɗuwa, sai rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri, zuciya na tashi ba abin da za a amayar sai kumallo. Sannan ga zafin garin nan. Zafin Ibadan ba irin na Sakkwato ko Maraɗi ba ne, inda gumi ke bushewa nan take. Nan iska a jiƙe take, gumi ya yi ta zuba bai bushe ba, jiki bai huce ba, balle a watannin Fabrairu da Maris, a ɗakin kwano marar taga. Ruwan jiki ya ragu, jinin da dama bai isa ba ya ƙara raguwa. Wani kuma ya jure ƙishi har ƙarshe, sannan ya kafa kai ya shanye leda uku ta fiya wata a tashi ɗaya, cikin ya ƙi karɓa. Kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, tun kafin a fara. Aikin da ake yi ba hutu tsakani, musamman na ƙafafu, yana tara tsami a cikin jini, shi ma yana tayar da zuciya. In kuma aka yar da ƙarfe aka tsaya cak, jini ya taru a ƙafafu, kai ya rasa, nan ne ake yanke jiki a faɗi. A huta minti 2 ko 3 tsakanin ɗauka da ɗauka, a fitar da numfashi lokacin yunƙuri, in an gama a ɗan taka a hankali kafin a zauna.

Ku samari, ku ji wannan da kyau: amai bai ƙara wa kowa ƙwanji ba. Tsoka tana ginuwa ne da abincin da ya zauna a ciki da barcin da aka yi da dare. Wanda ya amayar ya yi asarar abincin da ubansa ya saya da guminsa, ya yi asarar ruwa da gishirin jikinsa, gobe ya tashi da rauni fiye da jiya. Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya lambar azurfa a ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Dattawanmu suna tuna daren da Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a filin wasa na Liberty, nan cikin Ibadan, a watan Agustan 1963. Irin waɗannan shekaru suke yi suna hawa mataki-mataki a hannun masu horarwa. Kai kuma kana so ka kamo su a wata biyu don ka ga wani a TikTok. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai tsayawa a gabanku shi ne tunanin da ke ƙarƙashin abin, wato ganin cewa azabtar da jiki shi ne jarumta. Ko a ibada, wadda don ita aka halicce mu, Manzon Allah bai yarda da wannan ba. Bukhari ya kawo cewa ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Ya tambaya, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar dare sai ta riƙe ta. Ya sa aka kwance igiyar, ya yi umarni mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, yana saurayi mai jini a jika, ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwa kowane dare. Annabi ya yi ta rage masa yana cewa zai iya fiye da haka, aka tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa. Da ya tsufa ƙarfi ya tafi, sai ga shi yana burin da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. To jama'a, in an kwance igiyar mai salla, ina ga wanda ke wahalar da jikinsa don riga ta matse masa damtse? Ƙa'idar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta hana cutar da kai da cutar da wani, ta hau kan mai ɗagawa, ta kuma hau kan abokan da ke tsaye suna zuga shi bayan sun ga fuskarsa ta canja. In ya faɗi, kuna da kaso a ciki.

Yawancin tashin zuciyar nan yakan wuce in an zauna a inuwa, an sassauta bel, an kurɓi ruwa. Amma akwai wanda ba a jira da shi. Idan tsoka ta sha wahalar da ta fi ƙarfinta, takan farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Alamarsa ita ce ciwon tsoka mai tsanani da kumburi kwana ɗaya ko biyu bayan aikin, hannu ya ƙi miƙewa, amai ya ƙi tsayawa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko ya ragu ƙwarai. Ya fi kama sabon shiga, da wanda ya daɗe bai yi ba ya dawo yana so ya fara daga inda ya tsaya. Wanda ya ga haka kada ya tsaya wajen mai kemis, kada a ce bari a jiƙa masa sassaƙe a gani zuwa gobe. A kai shi asibiti a ranar. Allah ya sa muna zaune kusa da UCH, asibitin koyarwa da aka buɗe tun 1957, wanda mutane ke tasowa daga garuruwa masu nisa don su zo. In an je da wuri, sau da yawa ƙarin ruwa ne maganin. In an makara, sai a shiga maganar wankin ƙoda, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa sa hannu a gudummawar mai wankin ƙoda ya san yadda take cinye jari. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Haka nan in aman ya zo da jini, ko da ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ko yaro ya suma, ko ya rikice yana sambatu jikinsa ya yi zafi rau, ko wani ƙullutu ya fito a mara ya ƙi komawa yana ciwo. Duk waɗannan na asibiti ne, ba na jira ba.

Wanda zazzaɓin cizon sauro bai gama sakinsa ba, ya bar ƙarfe sai ya warke. Mai gyambon ciki da mai hawan jini su ga likita kafin su fara. Kuma yana da kyau kowane saurayi ya san rukunin jininsa na sikila, ba sai ranar neman aure ba, domin wajen mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, kuma mai AS, ko da yake lafiyarsa ƙalau, ya fi bukatar kiyaye zafi da ƙishi a aiki mai tsanani.

Sai maganar ƙwayoyi, kuma a nan ba zan sassauta ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Akwai masu haɗiyar tiramol kafin su ɗaga ƙarfe wai don kada su ji gajiya. Ita kanta ƙwayar tana sa amai da jiri, tana sa farfaɗiya in ta yi yawa, sannan tana kashe jin ciwon da Allah ya sanya ya zama ƙararrawa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan an ga ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a Arewa, amma shaiɗan bai rufe shago ba, kaya ya canja. Akwai masu shan sha-ka-fashe don su yi jiki, alhali kumburi ne da ruwa, ga hawan jini da ciwon sukari a biye. Akwai allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da ake sayarwa a ɓoye, masu lalata hanta da zuciya, su sa nono ya fito wa namiji, su rage masa ƙwayoyin haihuwa. Ɗana, ka gina ƙirji ka rushe zuriya, wace riba ke nan? Ko magungunan ciwon jiki da muke raina wa, irin su diclofenac da ibuprofen, in aka sha su jiki ba ruwa suna ƙara wa ƙoda nauyi. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, sunansa giya ko sunansa magani.

A nan zan ɗan ratse, don ba 'yan jim kaɗai abin ya shafa ba. 'Yan uwanmu masu dako a Bodija da Sasa, masu sauke buhunan wake da albasa da kwandunan tumatir tun asuba, su ne masu ɗaga nauyi na gaskiya a garin nan, kuma su ba don ado suke yi ba. Su ma suna amai a bayan mota, su ma ana sayar musu da ƙwayar nan. Alhaji mai kaya, in ka ga yaron da ke sauke maka buhu mai kilo 100 yana layi, ka ce ya zauna, ka saya masa ruwa, motar ba za ta gudu ba. Shari'a ta hana a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora masa to a taya shi. Za a tambaye ka.

Na san abin da ke tura wasu yaran. An raina su, an kira su sillan kara, ko suna jin cewa baƙo a garin mutane sai ya zama abin tsoro kafin a bar shi ya sha iska. Abdullahi ɗan Mas'udu siriri ne ƙwarai. Wata rana ya hau bishiya zai karyo asuwaki, iska ta kaɗa shi, sahabbai suka ga ƙwaurinsa suka yi dariya. Manzon Allah ya shaida musu cewa ƙafafun nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'aunin Ƙiyama. Imamu Ahmad ne ya ruwaito. Kuma Bukhari da Muslim sun haɗu a kan hadisin da ya mayar da ƙarfi na gaskiya ga mai mallakar kansa lokacin fushi. Mu da muke zaune cikin maƙwabtanmu Yarbawa fiye da shekara 100, mun ga abin da ya faru a Sasa a Fabrairun 2021, yadda faɗan mutum biyu ya ci rayuka da rumfuna. Saurayin da ya tara ƙwanji bai tara haƙuri ba, hatsari ne ga unguwa gaba ɗaya.

Iyaye, kada ku ƙwace ƙarfen ku jefar, zai koma inda ba ku gani. Ku tambaye shi ƙarfe nawa yake zuwa, me yake sha, wa ke koya masa. Iyayenmu mata, in kun san yana fita da La'asar, ku ba shi abincinsa tun Azahar, na dare kuma ku ajiye masa wake ko ƙwai ko kifi gwargwadon hali. Ya fi garin gwangwanin da ba a san abin da ke ciki ba. In ya dawo ya yi amai, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: leda biyu ta fiya wata, wato lita 1, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri, ya riƙa kurɓa. In an samu na sacet a kemis ya fi.

Saura hukunce-hukuncen da aka yi ta tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya amai ba ya warware alwala, sai dai a kurkure baki. In kun ga wani ɗan uwa ya sake alwala saboda shi, akwai malaman da suka tafi a kan haka, kamar Hanafawa in aman ya cika baki, kada a yi musu. Amma wanda ya suma, alwalarsa ta tafi. Aman da ya canja daga kamannin abinci najasa ne, a wanke shi daga jiki da tufa da wuri kafin a yi salla, kuma wanda ya ɓata lungu ko bakin kwata shi zai ɗebo ruwa ya wanke, ba ya bar wa matan gidan ba. Game da azumi, Risala ta bambance: wanda amai ya rinjaye shi ba ramuwa a kansa, matuƙar bai mayar da wani abu ciki ba bayan ya iso baki, wanda kuwa ya jawo shi da kansa, kamar masu sa yatsa a maƙogwaro don ciki ya yi sauƙi su koma kan benci, ya rama ranar. Mai azumin Ramadan ko na Litinin da Alhamis ya mayar da ɗaga ƙarfensa bayan buɗa-baki da awa biyu, ya rage nauyi. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, a jim ma haka take, kuma hoton da ake ɗauka ana watsawa kowa ya binciki niyyarsa. Sannan mun lura sahun Magariba yana ramewa ta wajen samari, ana jin ƙarar ƙarfe ladan na kira. Ku sa lokacinku ya ƙare minti 20 kafin kira, don jiki ya huce, a watsa ruwa, a canja riga. Wanda zuciyarsa ke tashi ya zauna ta kwanta tukuna, kada ya shigo sahu ya ɓata wa mutane shimfiɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da Sabo da Ibadan da ƙasarmu lafiya.